Mai Magana Ta Shida

Madam ta ajiye kundin a kan tebur, ta juya shi da yatsa ɗaya har ya fuskanci Auta. Baƙin bango ne mai rubutun ruwan zinare, da guntuwar jar takarda a saƙale a tsakiyarsa.

"Naki ne ko?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

"Zauna mana. Buɗe inda na sa alama."

Kwana uku ke nan da Auta ta kama aiki a ofishin kula da ma'aikata na asibitin, kuma ba ta nuna wa kowa kundinta na kammala digiri ba. Kwafi uku ta san an yi. Ɗaya yana jami'a, ɗaya wajen malamin da ya duba aikin, na ukun yana ƙasan akwatinta a gida. Ta buɗe. Shafi na sittin da biyu ne, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin maganar da ta sani kamar sunanta.

"Mai magana ta shida ta ce: Idan ɗan wata daga cikinmu ya kwana da zazzaɓi, ko mota ta makarar da ita, ni nake sa mata hannu a rajista, mu raba aikinta. Na iya hannun kowa a ɗakin nan. Ba a taɓa ganewa ba."

A shekararta ta ƙarshe a sashen nazarin zamantakewa da al'adu, Auta ta yi wata huɗu tana zama a ɗakin wanki na wannan asibitin, tare da mata goma sha huɗu masu wanke zannuwan gado da gogewa. Ta taya su ninki, ta sha zafin injin, ta rubuta yadda suke rufa wa juna asiri. Kafin kowace ta buɗe baki sai da ta yi mata alkawarin ba za a taɓa jin sunanta ba. Kundin ya sami yabo har aka karanta wa 'yan aji na baya wani sashe nasa.

"Aiki ya yi kyau," in ji Madam. "Na karanta shi sau biyu. Wace ce ta shida?"

"Ranki ya daɗe, an daɗe. Kuma na yi musu alkawari."

"Wanne zan ɗauka, kin manta ko kin yi alkawari?"

Auta ta sunkuyar da kai. Madam ta cire gilashinta, ta goge shi da gefen mayafi, ba ta gaggawa.

"Ni ma abin da na karanta ke nan, shekara ashirin kafin ki shiga jami'a. Na san alkawarin, ni ma na yi shi. Amma nan ba aji ba ne. Sa wa wani hannu a rajistar aiki laifin kora ne, kuma manya sun matsa mini. Rajista a cike, zannuwa ba sa isa ɗakunan marasa lafiya a kan lokaci. Ke kuma kina watannin gwaji, kin sani ai." Ta mayar da gilashin. "Ba na son takura miki. Ki je ki yi tunani, ki dawo kafin a tashi. Tafi da kundin ma, ko zai tuna miki."

Teburin Auta yana bayan ƙofa, kusa da kabad ɗin fayiloli, daf da na Akawu. Shi wannan mutum ne mai yawan murmushi, irin wanda kan tambayi lafiyar gida sau uku kafin azahar. Tun ranar farko ya kama kiranta ƙanwata. Yau da ta fito sai ta ga murmushin nasa ya yi yawa.

"Ƙanwata, lafiya? Madam ba ta cizo fa, sai dai ta lasa."

"Lafiya lau, Yaya."

"Wannan littafin naki ne? Kai, ashe da marubuciya muke zaune."

Ta tura kundin cikin aljihun tebur ta rufe. Shi ne ya karɓi takardunta ranar da ta zo neman aikin. Shi ne kuma take gani yana shiga wajen Madam da fayil ɗaya, ya fito da shi bayan rabin awa ba a ko buɗe ba. Ta dubi mai buga takardu, ta dubi masinja da ke gyangyaɗi a kan benci. Kowa ta kalla sai ta ga kamar ya san abin da ake ciki.

Tsoro take ji, kuma ba ƙarami ba. Shekara biyu ta yi a gida bayan ta gama, tana rubuta takardun neman aiki har mai shagon kwafi ya haddace ranar haihuwarta. Babanta, da aka tambaye shi abin da autarsa ta karanta, cewa yake yi, "Wai zaman jama'a. Mu da muka zauna da jama'a shekara sittin ba wanda ya ba mu takarda." Yayanta kuwa ya fi shi rashin tausayi, digirin gulma yake kiransa. Cikin 'yan ajinsu wata tana yi wa wata ƙungiya tambayoyi gida gida, wani yana koyar da lissafi a makarantar yara, shi da ya gudo sashen don tsoron lissafi. Ranar da takardar wannan aikin ta zo, mamanta ta zauna a bakin gado ta yi kuka, sannan ta aika aka gaya wa duk wanda ya taɓa tambaya da wanda bai tambaya ba.

Ta ɗauki wayarta ta fita bayan matakala, inda ake jibge karyayyun kujeru, ta kira malaminta.

"Dokta, kundina yana teburin shugabata. Ina ta same shi?"

Sai da ya yi gyaran murya. "Ni na aika mata. Ta nemi in shaide ki, na ga ba shaidar da ta fi aikinki. Ai shi ya samo miki kujerar."

"Tana son sunan mai magana ta shida."

"A'a, a'a. Ba ki da wannan ikon. Takardar da kika jera sunayen da ake kiransu da su, kin ƙone ta kamar yadda na ce?"

"Na ƙone."

"To shi ke nan. Ki kama bakinki. Ba wanda zai ciro suna daga cikin toka. Ina da aji yanzu, ma yi magana."

Ya kashe. Ta tsaya tana kallon wayar. Shi bakinsa ne kawai zai kama, ita kuwa har da aikinta. Ta ma fara tunanin ko sun riga sun yi magana da Madam tun da safe, don amsar tasa ta zo da sauri kamar an shirya ta.

Da ta koma, ta jira Akawu ya fita, ta zaro kundin ta bi duk inda ta shida ta yi magana. A nan dai hankalinta ya ɗan kwanta, don ta yi aikin yadda aka koya mata. Ta rage wa matar shekara goma. Ta ba ta 'ya'ya uku alhali bakwai ta haifa. Ta ɗauke ta daga teburin guga ta kai ta wajen injin wanki. Ta cire duk wata kalma da aka san ta da ita. Ko uwar da ta haifi matar ba za ta gane ta a shafin nan ba. Madam ba ta da komai a hannu sai lamba, kuma in Auta ta yi shiru, lambar za ta zauna lamba.

Abin da ya rage shi ne matar ba ta san ana nemanta ba. Gobe da safe za ta iya ɗaukar biro ta sa wa wata hannu, a kama ta a tsaye. Saura mata wata goma sha ɗaya ta yi ritaya, bayan shekara talatin da huɗu a kan dutsen guga. Auta ta ga ba za ta iya cin abinci da wannan a ranta ba.

Ƙarfe ɗaya aka fita hutu. Ba ta bi ta babbar matakala ba. Ta zaga ta ɗakin magani, ta ratsa layin masu jiran kati, ta tsaya ta sayi ruwa don a ga abin da ya fito da ita, tana waiwaye. Akawu ba ya biye da ita, masinja ma haka. Ta ji daɗin wayonta, ta gangara ta bayan ɗakin gwaji zuwa ƙasa.

Ɗakin wankin yana nan yadda ta bar shi. Ƙarar injina uku, ɗaya yana ƙugi kamar zai tashi, tururi, warin sabulu da maganin kashe ƙwayoyi, tulin zannuwa a cikin kwanduna masu taya. Matan suna zaune a kan buhunan wanki suna cin abin da suka zo da shi. Wadda ake kira Rediyo ce ta fara ganinta.

"Jama'a, ku gyara zama, ofis ya sauko!"

"Haba Anti, ni ce fa."

"Mun gan ki ai. Kwana uku kina hawa sama kina saukowa, ba ko leƙe. Mun ce ko takalmin ne ba ya son ruwa."

Aka yi dariya, amma ba irin ta da ba. A da da ta shigo ake matsa mata wuri a kan buhu. Yau ba wadda ta motsa. Maman 'Yan Biyu ta rufe kwanonta a hankali, Doguwa kuma idonta yana kan katin shaidar da ke rataye a wuyan Auta.

"Yau ba littafi?" in ji Doguwa. "Ko yanzu a ka ake ɗauka a kai musu?"

Maganar ta soke ta, ta shanye. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta gaishe su, ta tambayi yara, ta tambayi ƙafar wannan da hawan jinin waccan. Sannan ta ƙarasa ƙarshen ɗakin, inda Inna Sitaci take tsaye tana guga, don ita ba ta zama sai ta ga bayan tulin da ke gabanta. An sa mata sunan ne saboda ba ta lanƙwasuwa, ko ga likita.

"Inna, ina wuni. Don Allah ina son ganinki a waje, minti biyu."

Inna ta dube ta, ta dubi sauran matan. Ta jingine dutsen, ta kashe shi a bango, ta biyo ta.

Bayan ɗakin akwai filin shanya, igiyoyi shida a jere, zannuwa farare suna ɗigar ruwa a kan siminti. Auta ta rage murya ta zayyana mata komai, kundin, jan biron, tambayar Madam.

"Ban faɗa ba, Inna, wallahi ba zan faɗa ba ko za a kore ni. Kuma na sake karantawa, ba yadda za a yi a gane ki. Na canza komai. Na zo ne kawai in ce ki dakata da sa hannun nan."

Inna ta goge hannuwanta a jikin atamfar da ta ɗaura a kan rigar aiki, sama da ƙasa, ta sake gogewa.

"Ta ce ki kawo sunan yanzu?"

"A'a. Ta ba ni har a tashi."

"Ta bar ki kika fito hutu."

"Eh."

"'Yar nan, mu nawa ne a ɗakin can?"

"Goma sha huɗu."

"Nawa kika kira waje?"

Inna ta ɗan ɗaga haɓa, ba ta ko ɗaga ido ba. A saman filin shanyar, hawa na biyu, tagogin ofishin kula da ma'aikata ne a jere. Na ƙarshen, na Madam, labulensa a zuge yake kamar faɗin tafin hannu.

"Shekara tara tana kallonmu ta nan," in ji Inna. "Mu duk mun sani. Ko tsaki za mu yi sai mun shiga tsakanin zannuwa. Ke da kika yi wata huɗu kina kallonmu, ba ki taɓa ɗaga kai kin ga mai kallon ba?"

"Inna, ban sani ba. Na rantse ban..."

"Na san ba ki sani ba. Da kin sani ai da sauƙi, sai in zage ki in huce." Ta juya. "Bari in je, zanina zai bushe ban goge ba."

Auta ta koma ta babbar matakala, don zagayen ba shi da sauran amfani. Ta zauna a teburinta daga ƙarfe biyu har huɗu saura, ba ta iya karanta layi ɗaya ba. Ta yi ta lallashin kanta. Wataƙila iska ce ta zuge labulen. Wataƙila Madam ta fita cin abinci. Ta ga Akawu ya shiga da wani tsohon fayil mai kauri wanda gefensa ya cinye, ya fito babu shi. Ta ga an kira mai buga takardu. Akawu bai ce mata ƙanwata ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi murmushin tayar mata da hankali.

Huɗu saura kwata Madam ta aiko a kira ta. Auta ta shiga da maganarta a shirye, ta faɗe ta a tsaye kafin ƙarfin halinta ya gudu.

"Ranki ya daɗe, na yi tunani. Ba zan iya ba da sunan ba. Duk hukuncin da kika ga ya dace, na ɗauka."

"Madalla," in ji Madam. "Haka ake so. Da kin faɗa da na raina ki." Ta turo wata farar ambulan. "Ba ki gaya mini komai ba, ko a gaban waye zan shaida. Alkawarinki yana nan."

A bayan ambulan an buga suna uku cikakku, da lambar ma'aikaciya. Auta ba ta taɓa jin sunan ba, don a wata huɗun nan Inna kawai take ce mata. A ƙasa an rubuta: sashen wanki, teburin guga.

"Dakatarwa ce, har kwamiti ya zauna. Za su gwada hannunta da na rajista. Ke ce mai kula da walwalar ma'aikata, ke za ki kai mata."

"Saura mata wata goma sha ɗaya, ranki ya daɗe."

"Na sani, fayil ɗinta ga shi." Madam ta dube ta, kuma abin da ya fi ba Auta haushi shi ne babu mugunta a fuskar. "Kina da ido, kina da kunne, za ki yi nisa a aikin nan. Abu ɗaya ya rage miki, shi ma yau kin koya. Daga gobe rajistar ɗakin wanki ta dawo teburinki. Kowace ta hau ta sa hannu a gabanki, tunda kin fi kowa sanin dabarunsu."

Lokacin da ta sauka an kashe injina biyu, matan suna ɗaura mayafai. Suna ganin ambulan ɗakin ya yi tsit, har Rediyo. Inna ta riga ta kwashe 'yan kayanta a leda, kofinta da silifas da wani tsohon tawul. Ta karɓi takardar ba ta buɗe ba, ta cusa a ledar.

"Inna, ki yafe mini."

"Rajistar fa? An ce sama za ta koma."

"Teburina za ta dawo."

Inna ta tsaya tana dubanta, dogon kallo, irin wanda take yi wa zani kafin ta yarda ya fita. Sannan ta kama hannunta ta ja ta waje, ta shige da ita can tsakanin igiya ta uku da ta huɗu, inda zannuwa suka kare su ta kowane gefe.

"Maman 'Yan Biyu gobe za a cire wa ƙaramin ɗanta ɗinki a ƙafa, a can wani asibitin. Ba za ta iso ba sai goma. An riga an ba ta gargaɗi biyu, na uku kora ne, kuma mijin ba ya aiki."

Auta ta dubi fuskar tsohuwar tana neman ko ramuwa ce, ko gwaji, ko wani tarkon ne aka sake ɗana mata. Ba ta ga komai ba sai gajiya da gumi.

"Hannunta ba wuya," in ji Inna. "Ƙugiya ce a farko, sai ki ja wutsiya ƙasa. Kina da biro?"

Auta ta waiwaya. Farin zani ne kawai a bayanta, yana ɗiga. Ta zaro biron daga aljihu, ta miƙa mata, ta buɗe tafin hannunta don a gwada mata a kai.